Shawara: Takardar jinin Baba ta raba kan gidanmu

Assalamu alaikum, Hajiya. Ni ce babba a ɗakinmu, muna zaune a unguwar Bagalam, nan Maradi. Babanmu shekararsa 58, hatsi yake sayarwa a kasuwa. Wani gyambo ya fito masa a gefen harshe tun bara ya ƙi warkewa, har aka yanki ɗan nama aka auna aka ce ciwon daji ne. Yau kwana 12 ke nan da yi masa aiki, an cire gefen harshen da kaluluwar wuya ta ɓangaren hagu. Kwana uku bayan aikin aka ɗebi jininsa. Takardar ta nuna CRP 140, nitrofil 9,000, limfosit 900. Na ɗauki hotonta na tura wa ƙanena da ke karatu a waje. Ya yi lissafi ya ce wani abu wai shi NLR ya kai 10, kuma ya karanta cewa mai ciwon dajin baki da nasa ya haura 4 ba ya daɗewa. Maganar ta kai kunnen Baffa, ƙanen Baba. Likita ya ce wataƙila sai an je Yamai an yi gashi, wato kashe ƙwayoyin daji da hasken na'ura. Baffa kuwa ya ce tunda jini ya riga ya nuna, kada a wahalar da bawan Allah, kada kuma a taɓa gonar da ta rage, a mai da shi gida a yi na Hausa. Baba da Inna ba su san da wannan magana ba. Ni barci ya ƙaurace mini. Gaskiya ne abin da takardar nan take faɗa? Mu je Yamai ko mu haƙura? Kuma in gaya wa Baba?

Wa'alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne, ke kuma ya saka miki da alheri a kan wannan jinya.

Takardar nan ba ta faɗi abin da ƙanenki ya ce ta faɗa ba. Lissafinsa daidai ne: NLR shi ne yawan nitrofil a raba da yawan limfosit, iri biyu na fararen ƙwayoyin jini, kuma 9,000 in aka raba da 900 goma ne, babu musu. Inda ya yi tuntuɓe shi ne bai duba ranar da aka ɗebi jinin ba. Jinin da aka ɗiba kwana uku bayan an yanki harshe an buɗe wuya, labarin yankan yake bayarwa. Da za a ɗauko ƙato lafiyayye wanda bai taɓa jin sunan daji ba a yi masa aiki mai girman wannan, da takardarsa ta kwana na uku ba za ta yi nisa da ta Baba ba.

CRP wani sinadari ne da hanta ke zubawa cikin jini duk lokacin da wani wuri a jiki ya ji rauni ko ƙwayar cuta ta shiga. Tun 1930 aka gano shi a Amurka, a jinin masu ciwon huhu. Ga mai lafiya ba ya wuce 5, wasu ɗakunan awo kuma suna sa iyakar a 10. Bayan babban aiki yakan fara hawa cikin awa shida zuwa takwas, ya kai ƙololuwa a kwana na biyu ko na uku, kuma ba abin mamaki ba ne ya haura 100. Daga nan sai ya riƙa sauka, domin da zarar hanta ta daina zuba sabo, wanda ke yawo cikin jini yana raguwa da rabi a kamar awa 19. Kin ga ke nan an ɗebi jinin Baba daidai ranar da abin yake kan ganiyarsa. Hayaƙi ne kika hango ya tashi daga wani gida: kin tabbata akwai wuta, amma daga nesa ba za ki ce tuwo ake tuƙawa ko rumbu ne ya kama ba. Zazzaɓin cizon sauro yana tayar da CRP, ruɓaɓɓen haƙori yana tayar da shi, tarin fuka, ciwon fitsari, maruru, duk haka. Shi ya sa likitan fiɗa ba ya tsayawa kan lamba ɗaya. Abin da yake so ya gani shi ne ta kwana na biyar ta fi ta kwana na uku ƙasa, ta kwana na goma ta fi ta biyar ƙasa.

A nan awon yake da amfani na gaske, kuma a nan nake so ki sa ido. Idan CRP ya ƙi sauka, ko ya sauka ya sake hawa bayan kwana huɗu ko biyar, abin da ake fara zargi shi ne ƙwayar cuta ta shiga ɗinki, ko huhu ya kamu, ko ɗinkin cikin baki ya ɗan buɗe miyau yana bi ta wuya. Waɗannan duk ana maganinsu. Ke da kike kwana kusa da shi za ki riga takarda gani: zazzaɓi, wuya ya yi ja ya kumbura ya yi zafi, ruwa mai wari ko mai yauƙi irin na miyau yana jiƙa bandeji, tari da sarƙewa duk sa'ad da ya haɗiyi abu, numfashi da ƙyar, ko jini. Numfashi da jini ba a jira gari ya waye da su. Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, ki roƙi likita ya sake rubuta awon jinin yanzu, da na zazzaɓin cizon sauro in jikinsa yana ɗumi, sai ku aza takardun biyu kusa da juna ku gani.

To, amma ƙanenki bai ƙirƙiro maganarsa ba, kuma ba zan rufe ki ba. Likitoci sun daɗe da lura cewa akwai alaƙa tsakanin kumburin cikin jiki da ciwon daji. Wani likitan Jamus, Rudolf Virchow, ya yi maganar tun 1863 bayan ya ga fararen ƙwayoyin jini a cikin naman daji. Nitrofil su ne ƙwayoyin da ke fara rugawa inda aka ji rauni. A cikin limfosit kuwa ake samun masu gane ƙwayar daji su kashe ta. Idan na farkon suka yi yawa na biyun suka yi kaɗan tun kafin a taɓa mutum da wuƙa, alama ce ta ciwon ya tayar da jiki kuma garkuwa ta ja baya. A 2014 an tattara bincike 100 da aka yi kan mutane sama da 40,000 masu ciwon daji iri-iri, aka ga waɗanda NLR ɗinsu ya yi sama, in aka haɗa su jimla, sun fi saurin rasuwa. Lambar 4 da ƙanenki ya riƙe ita ce ta tsakiya cikin iyakokin da waɗancan masu bincike suka yi aiki da su. An ga makamancin haka a dajin baki da na maƙogwaro.

Sai dai mafi yawan wannan bincike da jinin da aka ɗiba kafin fara magani aka yi shi. Bayan aiki kuwa, jiki da kansa yana tura nitrofil sama ya danne limfosit na ƴan kwanaki. Ga kuma allurar deksametazon da ake yawan yi a aikin baki da wuya don kada kumburi ya toshe hanyar numfashi, ita ma abin da take yi wa jini ke nan. Sannan magana ce ta taro: a cikin dubban da lambarsu ta yi sama akwai masu yawa da suka warke suka koma harkarsu, a cikin masu ƙaramar lamba akwai waɗanda ciwon ya dawo musu. Su kansu masu binciken ba su daidaita kan iyaka ɗaya ba, wani ya sa 2, wani 3, wani 5. Kuma yawancin aikin a Sin da Japan da Turai da Amurka aka yi shi, alhali mu mutanen Afirka ta Yamma mafi yawanmu nitrofil ɗinmu a halitta bai kai nasu yawa ba, saboda wani gado na jini da ake kira rashin Duffy, wanda ba cuta ba ne. Iyakar da aka yanka a jikin wasu ba lalle ta zauna daidai a jikinmu ba. Saboda waɗannan dalilai babu wata ƙa'idar maganin dajin kai da wuya da ta ce a dubi NLR a hana mutum gashi, ko a ce da iyalinsa su haƙura. Ko da a ce takardar da aka yi wa Baba kafin aiki ita ma ta nuna lamba mai tsawo, abin da hakan zai sa shi ne a ƙara sa masa ido, ba a janye hannu ba.

Takardar da ya kamata ta hana ki barci ba ki ambace ta ba ko sau ɗaya, kuma ina jin ba ta fito ba tukuna. Ita ce ta naman da aka cire, wadda ma'aikatan asibiti ke kira anapat. Gefen harshen nan da kaluluwar wuya ba zubar da su aka yi ba, an sa su a kwalba an aika ɗakin awon nama, inda za a yayyanka su a duba da madubin likita. Wannan takarda ce za ta faɗi girman ciwon da zurfin da ya yi cikin harshe. Ita za ta faɗi ko an cire shi da lafiyayyen nama kewaye da shi, wanda a dajin baki ake so ya kai milimita 5, ko kuwa wuƙa ta bi ta bakin ciwon. Ita za ta faɗi kaluluwa nawa aka ciro, nawa ne a ciki daji ya shiga, kuma ko ya fasa fatar kaluluwar ya fita waje, da ko ya bi jijiya. A nan ne za ki ga harafin T da harafin N, kowane da lamba a gabansa: T girman ciwon, N labarin kaluluwa. Tsohuwar magana ce a wurin likitocin wannan fanni cewa shigar daji cikin kaluluwar wuya tana rage damar warkewa da kusan rabi, to kin ga nauyin wannan layi ɗaya ya fi na takardun jini goma. Idan ciwon ƙarami ne, gefe ya fita fes, kaluluwa babu komai, mai yiwuwa ma a ce aikin ya wadatar, sai bibiya. Idan akwai kaluluwar da ta kamu ko ciwon ya yi zurfi, sai gashi. Idan kuwa gefen bai fita ba ko kaluluwa ta fashe, akan haɗa gashin da shimiyo, wato maganin daji da ake sawa ta jijiya, galibi wanda ake kira sisplatin. Manyan bincike biyu da aka buga a 2004, ɗaya a Turai ɗaya a Amurka, su suka kafa wannan tsari.

Wannan ya sa likita ya ce muku “wataƙila”. Takardar yake jira. Irin wannan awo yakan ɗauki lokaci, wani sa'in ma wani gari ake aika naman, kuma kwalbar da babu mai bin sawunta tana iya daɗewa a kan tebur. Ki tambaya ina aka kai shi, wace rana, wace lamba aka ba shi, an biya kuɗin ko ana jiran ku biya. Ki rubuta. Ki riƙa tuntuɓa cikin ladabi, amma kada ki gaji.

Dalilin gaggawar shi ne, in gashi ya zama dole, ƙa'idar da likitocin daji ke bi ita ce a fara shi kafin a cika sati shida, wato kwana 42, daga ranar aiki. Ƙwayoyin dajin da ido bai gani ba, waɗanda suka rage a wurin, ba sa jiran a gama taron dangi. Suna hayayyafa tun rauni bai warke ba. Ranar da kika rubuto kwana 12 sun tafi, saura 30, kuma kafin ki karanta wannan amsa wasu sun ƙara tafiya. Abin da nake tsoro a gidanku ke nan: a cinye kwanakin nan ana gardama kan lambar da ba ta da hurumin yanke hukunci. In kuma an makara an wuce sati shidan, a je duk da haka, gashin da aka makara ya fi wanda ba a yi ba.

Cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai ta fara gashi a 2021, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Kafin 2021 duk wanda ke bukatar gashi sai ya fita ƙasar. Tafiya ce ta sama da kilomita 600 daga Maradi, kuma ba ta kwana biyu ba ce. Gashin bayan aiki ana yin sa Litinin zuwa Juma'a, sati shida ko ɗan fiye, kowace rana ƴan mintoci. Babu wuta a ciki, ba ya jin komai lokacin da na'ura take aiki. Wahalar tana zuwa ne daga sati na biyu ko na uku: baki ya yi gyambo, miyau ya kafe, abinci ya daina ɗanɗano, fatar wuya ta yi duhu. A nan mutane da yawa suke tsayawa su ce bari a huta sati guda, kuma wannan hutun yana rage ƙarfin maganin. Saboda haka tun yanzu ku san gidan wa za ku sauka, wa zai zauna da shi, wa zai canji wanda ya gaji. Kada ku jira takardar nama ta fito kafin ku nemi layi. Ki roƙi likita ya rubuta takardar turawa ya kuma gaya muku yadda ake samun ranar ganin likitocin can. Ku tafi da komai: bayanin aikin da aka yi, hotunan sikana, takardun jini na kafin aiki da na bayansa. Sannan a kai Baba wurin likitan haƙori tun da wuri. Haƙorin da ya lalace kafin gashi ake cire shi, a ba wurin kamar sati biyu ya warke, domin cire haƙori bayan an gasa muƙamuƙi yana iya barin ƙashi da ciwon da ba ya warkewa da sauƙi. Wannan ƙaramin abu yakan cinye wa mutane sati biyu da ba su sa a lissafi ba.

Akwai layuka biyu a takardun jini da suka fi NLR amfani a gare ki, don su kina da abin yi a kansu. Ɗaya yawan jini ne, emoglobin. Ga namiji, ƙasa da 13 ƙarancin jini ne, kuma gashi ya fi cin ciwo a jikin da jini ke kai wa iska sosai. Ɗayan albumin ne, wani sinadarin gina jiki da hanta ke zubawa cikin jini, wanda ake so ya kai 35. Likitocin birnin Glasgo sun haɗa shi da CRP suka yi wani ma'auni, suka ga wanda CRP ɗinsa ya wuce 10 kuma albumin ya gaza 35 kafin magani ya fi shan wahala. Albumin shi ma yakan faɗi bayan aiki saboda kumburi, kuma a hankali yake dawowa, don haka kada ki firgita in kin gan shi ƙasa. Abin da ba ya ruɗi shi ne sikeli. Ki auna Baba sau ɗaya a sati, a sikeli ɗaya, ki rubuta. Wanda ya zubar da kashi 5 cikin 100 na nauyinsa a wata guda, misali kilo 3 ga mai kilo 60, jikinsa yana cin kansa ne, ɗinki ba zai kama da wuri ba, gashi kuma zai kayar da shi.

Mai rabin harshe ba ya iya tuwo da nama, kuma kunun gero tsararo ruwa ne kawai da ɗan ƙarfi. Mutum mai kilo 60 a wannan hali yana bukatar abin gina jiki kamar giram 70 zuwa 90 a yini. Ƙwai ɗaya yana ba da kamar 6, kofin madara kamar 8, gyaɗa giram 100 kamar 25. Alhamdu lillahi a Maradi kuke, gyaɗa ba baƙuwa ba ce. Ki dama kunun gyaɗa mai kauri, ki zuba madarar gari da cokalin mai. Ki dafa wake ya yi luguf ki murje shi ki tace. Ki dafa ƙwai ki marmasa cikin miyar kuka ko ta kuɓewa, don santsinsu yana taimakon haɗiya. Awara, kifi da aka cire wa ƙaya aka niƙa, garin zogale a cikin kunu, hura da nonon da aka tafasa madararsa kafin ya kwana. Gyaɗar da ta yi hunhuna a zubar. Tsamiya da lemun tsami da tonka a ajiye su tukuna, haka abinci mai tururi. Kaɗan-kaɗan sau shida ko bakwai ya fi kwano guda sau biyu, yana zaune a miƙe, kuma kada ya kwanta nan take. Za ki lura abu mai ɗan kauri ya fi masa sauƙi bisa ruwa zalla, wanda ke saurin sarƙe shi. In har yanzu robar hanci ce ke kai masa abinci, duk waɗannan ana iya tace su a ba shi ta ciki, amma ki nuna wa majo, babban ma'aikacin jinya, kaurin kafin ki zuba, kuma kada a cire robar don kunyar masu zuwa dubiya. Likitan da ya ɗinke bakin shi zai ce ga ranar da za a fara ci ta baki.

Ba ki faɗi ko Baba yana shan taba ko yana cin ta ba, amma ƴan kasuwarmu da yawa ba sa rabuwa da ɗan ƙullin taba da kanwa a kumatu. In yana yi, ta ƙare daga yau, kuma kada abokan rumfa su kawo masa a ɓoye da sunan tausayi. Tun 1993 wani bincike a Kanada ya nuna masu dajin kai da wuya da suka ci gaba da shan sigari lokacin gashi ba su samu amfanin maganin kamar waɗanda suka daina ba.

Sai maganar Baffa. Kada ki ɗauke shi abokin gaba. Mutumin da ya ce kada a taɓa gona yana tunanin Inna da ƙannenki ne, kuma ya ga gidajen da aka sayar da komai aka dawo da gawa. Tsoronsa yana da tushe. Labarin da aka ba shi ne ba daidai ba. Ke ɗiya ce, in kika tsaya gabansa kina ce masa ya yi kuskure, ko kina da gaskiya kin rasa shi. Ki je ki gaishe shi har gida, ki ce, “Baffa, maganar nan ta fi ƙarfina, ina so ka zo mu ga likita tare ka ji da kunnenka, kai ne babba.” A gabansa ki yi wa likita tambayar kai tsaye: wannan lamba ta jini tana nufin magani ba zai yi amfani ba? Gashin da ake magana, don a warkar ne ko don a rage wahala? Amsar da ya ji daga bakin wanda ya yi aikin za ta zauna masa fiye da taki. Ƙanenki kuma, tunda shi ya ɗaura wannan magana, shi zai kwance ta: ya kira Baffa da kansa ya ce jinin da ya yi lissafi da shi na bayan aiki ne. Yaro ne mai son ubansa, nisa ne ya sa shi neman abin da zai yi. Ki ba shi aikin da ya dace da shi, neman masauki a Yamai da haɗa gudummawar ƴan'uwa.

Game da na Hausa, addu'a da sauka da sadaka babu likitan da zai hana, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Zuwa Yamai ma neman maganin ne. Abin da za ki tsaya a kai da ƙarfi shi ne kada a yi tsaga ko sakiya ko ƙaho a wuyan nan, kada a barbaɗa wani gari a kan ɗinki. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba su ma a dakata, musamman in za a yi shimiyo, domin sisplatin ƙoda yake wahalarwa, ba ta bukatar ƙarin kaya.

Gona kuwa kada a sayar yau, kada kuma a rantse ba za a taɓa ba. A jira takardar nama, a nemi kiyasin kuɗin magani a rubuce, a ƙara da na mota da abinci da zaman wata biyu, sannan a san abin da ake magana a kai. Ki leƙa ofishin taimakon marasa ƙarfi na asibiti ki ji abin da za su iya. Tsakanin sayarwa da zama hannu rabbana akwai jingina, akwai karo-karon dangi da na abokan kasuwarsa.

Kuma gonar nan tana da mai ita, yana nan da ransa da hankalinsa. Mutumin da ya shekara da shekaru yana auna hatsi yana karanta fuskar mai saye, kina tsammanin bai ga taki ba? Ki gaya masa. Ba sai kin kawo masa zancen NLR ba, tunda babu abin da ke ciki. Ki gaya masa abin da yake tabbas: an cire ciwon, ana jiran sakamakon nama, mai yiwuwa a bukaci ƙarin magani a Yamai na wajen wata biyu, kuma akwai kuɗi a ciki. Inna ta kasance a wurin, ita ma hakkinta ne, kuma gara ta ji daga bakinki da ta tsinta a bakin ƴan dubiya. Maganarsa ba za ta fita sosai ba yanzu, harshen yana kumbure, don haka kada a yi masa hanzari, kada kuma wani ya riƙa ƙarasa masa zance. Ki ba shi takarda da biro, ko boko ko ajami, wanda hannunsa ya fi sabawa da shi. Rashin fitar magana yana sa mutane su fara shawara a kan mara lafiya yana zaune kamar ba ya nan, kuma dattijo yana jin zafin wannan fiye da na ɗinki.

Mai yiwuwa ne takardar nama ta zo da labari mai nauyi, likitoci su ce ciwon ya wuce inda gashi zai warkar. In haka ta faru, komawa gida ba gazawa ba ce, kuma a nan ma akwai aikin likita: maganin ciwo mai ƙarfi har da morfin, gyaran rauni, hanyar ciyarwa. Amma Baba ne da likitansa za su kai ga wannan magana, da takardar nama a gabansu. In kuma an yi gashin an gama lafiya, kada a ɗauka an sallami asibiti. Dajin baki in zai dawo ya fi dawowa cikin shekara biyu na farko, shi ya sa a shekarar farko ake duba mutum duk wata ɗaya zuwa uku, da ido da yatsa a baki da wuya, ko da takardar jininsa ta yi kyau.

Gobe da safe ki fara da bin sawun naman, ki karɓo ranar da sakamako zai fito, ki roƙi a maimaita awon jini, sannan ki wuce gidan Baffa kafin ya fita kasuwa. In takardar ta fito kuma wani layi ya shige miki duhu bayan likita ya yi bayani, ki sake rubuto mini da abin da aka rubuta a gaban T da N, da abin da aka ce game da gefen naman.